Shekarar da Baba Ya Daina Cin Nama

Shekarar da malaman jami'a suka tafi dogon yajin aiki, na dawo gida Badarawa, a Kaduna, da jakar kaya ɗaya da ƙunshin takardun darasi da na ɗaure da tsumma. Tarihi nake karantawa. Ba ni na zaɓe shi ba, shi aka ba ni, amma kafin shekara ta zagayo na kamu da sonsa irin son da ake yi wa gulma, don tarihi dai gulmar matattu ce, kuma babu mai tasowa ya ƙaryata ka. An sallame mu ana saura kaɗan mu rubuta jarrabawar tarihin Turai, kuma a cikin takardun nan akwai 'yan shafuka a kan wasu mutane da suka hana ni sakat.

Wasu Kiristoci ne da suka yi zamani a kudancin Faransa, shekaru kusan ɗari takwas da suka wuce. Littattafai na kiransu Katari, amma a ƙauyukansu "mutanen kirki" kawai ake ce wa manyansu. Sun yi imani da cewa masu iko biyu ne. Ɗaya na alheri, shi ya halicci rayuka. Ɗaya na sharri, shi ya ƙera duniyar nan da duk abin da hannu ke iya taɓawa, har da jikin ɗan Adam, don haka rai a wurinsu ɗan kurkuku ne a cikin tsoka. Manyansu, maza da mata, ba sa cin nama, ba sa cin ƙwai, ba sa shan madara, sai kifi da tsirrai. Ba sa ƙarya, ba sa rantsuwa, ba sa kashe mai rai, kuma biyu-biyu suke yawo daga gari zuwa gari. Babban cocin zamanin ya ce ɓatattu ne. Aka yaƙe su, aka bi sauran da masu bincike gida-gida, wanda ya ƙi tuba aka jefa shi wuta.

Duk wannan zan iya haddacewa in zubar a takardar jarrabawa in manta. Abin da ya maƙale mini shi ne kaza. An ce a wasu wurare, idan ana zargin mutum, ba a tsayawa dogon musu da shi. Kaza ake miƙa masa da wuƙa, a ce ya yanka. In ya yanka ya tsira, in ya ƙi an san ko shi wane ne. Na yi ta juya abin a raina ina wanke-wanke, ina mamakin yadda ran mutum zai rataya a wuyan kaza.

Ban san cewa a gidanmu ma an shiga wani zance na nama ba, sai da Umma ta ja ni kicin washegarin dawowata.

"Babanku ba shi da lafiya," in ji ta. "Ƙoda ce. Likita ya hana shi nama da gishiri, shi ma yanzu ko ƙamshin naman ba ya so, tashin zuciya yake sa shi. Kuma ya ce duk wanda ya fitar da maganar nan waje bai yafe ba."

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a ofishin filaye ya yi aiki har ya yi ritaya. Mutum ne mai ka'ida, irin wanda ke goge takalminsa ko da masallacin ƙofar gida zai je. Na san dalilin da ya sa ya hana a faɗa, don na ga jinyar yayansa ina yarinya. Daga ranar da aka ji wannan baffa namu ba shi da lafiya, aka daina musu da shi, aka daina neman shawararsa, kowa ya shigo sai ya rage murya ya ce sannu. Ana zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Baba ya taɓa cewa sannu ce ta binne yayansa tun kafin ƙasa ta rufe shi. Ya gwammace ya sha ciwonsa a tsaye.

Akwai kuma mutum ɗaya da Baba ya fi tsoron sannunsa a kan ta kowa. Maƙwabcinmu ne, gida ɗaya ne tsakaninmu, mahauci mai tebur a kasuwar Unguwar Shanu. Ba shi da wata sarauta, amma Baba ya naɗa shi Sarkin Fawa tun kafin a haife ni, sunan kuma ya bi shi har mu yara muka ɗauka. Shi kuwa bai taɓa kiran Baba da komai ba sai Akawu. Baba Bazazzagi ne, Sarkin Fawa Bakano, kowa kuwa ya san wasan da ke tsakanin mutanen garuruwan nan biyu. Su dai sun mayar da shi sana'a.

Kullum bayan Magariba ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, magidantan layin su zauna ciyayya, kowa a fito da kwano daga gidansa a ci tare. Kwanon Sarkin Fawa ake jira. Wata rana balangu, wata rana farfesun kayan ciki, wata rana ƙafar saniya da ta sha wuta. Zai lalubo tsokar da ta fi kowacce ya ajiye a gaban Baba.

"Ci, Akawu. A garinku sai ran Sallah kuke ganin irin wannan."

"Bari in ci da sauri," Baba zai ce. "Bakano bai taɓa kyauta ba tare da ya dawo neman canji ba."

Daga tagar ɗakina da ke kallon waje nake jin su, tun ina firamare. Wannan zagi shi ne abincin Baba na gaskiya, naman rakiya ne kawai.

Da na dawo, na tarar Baba ya ƙirƙiro dabarunsa. Ya tura tsokar gaban wani, ya ce ya ƙoshi, ya ce haƙori ke damunsa har sai da haƙorin ya gaji da ɗaukar laifi. Ƙarya ba ta zauna masa a baki, don haka daga baya ya koma cewa "Alhamdu lillahi" kawai ya janye hannu.

Da rana kuwa, tunda ba ya iya fita sosai, sai ya zama ni ce rediyonsa. Wata rana ya gan ni da takarduna a falo ya tambayi abin da nake karantawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Na ba shi labarin masu iko biyu. Ya yi a'uziyya, ya gyara zama, sannan ya ce, "To, ci gaba."

Daga ranar, da ya idar da Azahar sai in ji, "Uwata, ina labarin mutanen naki?"

Ban taɓa samun ɗalibi mai naci irinsa ba, kuma yanzu shekarata goma sha wani abu ina koyarwa. Yana so ya san sana'arsu. Na ce da yawansu masaƙa ne. Yana so ya san ko mabiyansu na ƙasa ma ba sa cin nama. Na ce suna ci, suna aure, suna haihuwa, sai mutum ya ga mutuwa ta ƙarato ya aika a kira manyan su ɗora masa hannu. Ya ce to waɗannan sun iya lissafi. Ya tambaya me ya sa kifi ya halatta. Na ce a ganinsu kifi ba ta hanyar barbara yake samuwa ba, daga ruwa kawai yake fitowa. Ya yi dariya har da tari, ya ce da sun zo bakin kogin Kaduna da damina an nuna musu ƙwan tarwaɗa.

Abin da takarduna ba su amsa ba, in nema a waya. Har ƙawata na kira, wadda muke ɗaki ɗaya a makaranta, Kirista ce, gidansu na can ƙetaren gada. Ta ce ita tun da take zuwa coci ba ta taɓa jin labarinsu ba, kuma in na gama da matattun Faransa in turo mata takardun da na ara.

Musu ma muna yi. Baba ya ce duk ɓatansu daga sauro ya faro: sun ga abin da ke cizo, sun kasa yarda cewa wanda ya yi mangwaro shi ya yi shi. Ni kuma, da ƙuruciya da ɗan karatu, sai in tsaya musu, ba don na yarda da su ba, sai don in ga inda zai ɓullo. Amma wata rana da ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, ya sa na maimaita masa zancen rai da kurkukun tsoka. Ya daɗe yana kallon ƙafafun.

"Sun ɓata, babu ko shakka," in ji shi. "Amma wanda ya fara wannan magana ya yi jinya."

Na tashi na ɗauko masa matashi ya ɗora su.

Muna can muna bin mutanen Faransa, ashe unguwa na bin mu. Ciwon ya sa Baba ya daina fita sallar Asuba, daga baya har La'asar a gida yake yi a zaune. Ya rame, fuskarsa ta yi fari. Ga shi ba ya cin nama. Sannan wata rana Sarkin Fawa ya matsa masa a gaban kowa, ya ce yau ko Akawu ya ci ko a raba gari. Baba ya ɗauki tsokar ya sa a baki. Ya yi ƙoƙari, ni shaida ce, ina kallo ta taga. Sai ya miƙe ya zagaya bayan katanga ya tofar a kwata, ya ɗauki buta ya yi ta kuskure baki. Bai san akwai masu alwala a wajen ba.

Wanda bai zauna a garin nan ba zai ce to mene ne, mutum ya tofar da nama. Amma a nan mun ga zamanin da aƙida ta raba wa da ƙane, kuma alamar farko ba a masallaci ake ganinta ba, a kwano ake gani. Idan aka ce wane ba ya cin yankan wane, an gama magana. Ana nufin ba ya ɗaukarsa Musulmi, bisimillarsa ba ta halatta komai, abin da ya yanka mushe ne. A faɗa wa mahauci haka, mutumin da ya shekara arba'in yana fuskantar alƙibla da wuƙa a hannu, ya fi a mare shi a tsakiyar kasuwa.

Gwaggona ce ta kawo mana labarin, tun daga Kinkinau, ko mayafi ba ta cire ba. Ita ma ba a gaya mata ciwon ba, don Baba ya ce gaya mata daidai yake da sanarwa a rediyo. Ta ce ana cewa yayanta ya shiga wasu mutane da ba sa bin limamin kowa, ba sa cin yankan kowa. Ta juyo ta kalle ni, ta ce an kuma ce ni ce na zo masa da littattafan daga jami'a, ana jin mu ta taga muna zancen alloli biyu. A rabin zancen nan dai ba su yi ƙarya ba.

Abin ya ba ni haushi, amma in faɗi gaskiya ya kuma ba ni mamaki irin na ɗalibi. A takarduna an ce masu binciken can ba su cika tambayar mutum abin da ya yi imani da shi ba. Maƙwabta suke tambaya: wa kuka gani ya shiga gidan wa, da wa ya ci abinci, me ya ƙi ci. Har ramewa da farin fuska an taɓa ɗauka shaida. Ina karanta wannan da rana, da yamma in leƙa taga in ga ana yi da Hausa.

Sarkin Fawa bai yi faɗa ba. Da ya yi, da an huta. Kwanonsa dai ya daina fitowa, shi ma ya koma can ƙarshen tabarma. Ranar da abin ya kai mini iya wuya ita ce ranar da na ji ya iso, ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, barka da yamma. Ya iyali?" Baba ya amsa da "Lafiya lau, Alhaji." Shi ke nan. Babu Akawu, babu Zariya, babu Kano. Abin da Baba ya ɓoye ciwonsa don kada ya faru, ga shi ya shigo ta wata ƙofar.

Na same shi bayan Isha'i raina a ɓace. Na ce, "Baba, kalma ɗaya ce fa. Ka ce ba ka da lafiya, magana ta mutu."

"In na faɗa masa, gobe zai zo mini da lemo da ayaba yana rage murya."

"Yanzu fa da yake ce maka Alhaji?"

"Yanzu fushi yake da ni. Ai ba a fushi da gawa."

Na fita ina ƙunƙuni. Umma ta ce in bar shi, taurin kai gadonsu ne, kuma in duba madubi.

Babbar Sallah ta zo a tsakiyar damina. Tun da na yi wayo Sarkin Fawa ke yanka ragon layyarmu, shi ne na farko bayan an sauko idi, kafin ma nasa. Ya feɗe, ya ciro hanta ya gasa a nan take, su biyu su ci a tsaye suna zagin juna. A wannan shekarar, ana jajibiri matarsa ta shigo wurin Umma, tana ta murza bakin mayafi. Ta ce maigidan ya ce a gaya wa Alhaji ya nemi wanda yake cin yankansa.

Umma ta kawo sunayen mahauta, ta kawo na liman, ta ce ko ƙanenta ya zo. Baba ya ce a bar ragon. Ranar Sallah layin ya cika da hayaƙi da ƙaurin kai da ƙafa, kwanuka na shiga gidaje suna fita, namu ragon na ɗaure a gindin mangwaro yana cin dusa. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya kalle shi ya kalli Baba. Na san abin da za a ce a waje: yanzu kuma layyar ma ya daina.

Washegari aka wuni ana ruwa. Ragon ya yi ta kuka, Umma ta yi ta buga murafan tukwane da ƙarfin da ya wuce buƙata. Bayan Azahar Baba ya kira ni. Na ɗauka zancen rago zai yi, sai na ji, "Uwata, maimaita mini labarin kazar nan."

Na maimaita, ba da son raina ba.

"Wa ke miƙa kazar?"

Na ce ban sani ba, ƙila dogari, ƙila wani daga cikin jama'a.

"Ba a rubuta ba?"

Na ce ni dai ban gani ba. Wanda ya ƙi yankawa ake ba da labarinsa.

"Tun da kika fara ba ni labarin nan, a wurin wanda aka miƙa wa nake tsayawa," in ji shi. "Ina cewa kai, wannan namiji ne, ya riƙe abin da ya riƙe. Ban taɓa kallon ɗaya hannun ba. A ƙauye fa aka ce. A ƙauye kowa ya san kowa. Ƙila wanda ya riƙo kazar nan tare suka yi wasan ƙasa. Ƙila yana miƙawa yana roƙo a ransa, don Allah karɓi ka yanka mu koma gida. Shi kuwa wancan yana can yana ji da gaskiyarsa."

Na ce su dai sun faɗi dalilinsu, kowa ya ji.

"Sun fi ni ke nan," in ji Baba. Ya juya ya kalli ragon ta ƙofa. "Gobe ce ranar ƙarshe ta yanka ko?"

Da hantsi washegari ya sa farar riga, ya kwance ragon da kansa. Ƙannena maza duk sun tafi yawon Sallah, ragon kuwa ya fi ƙarfin Baba a yadda yake, don haka ni na bi shi. Yana ja ta gaba, ina turawa ta baya, cikin taɓo, da sabon lallena. Tafiyar gida ɗaya ce, amma sai da ragon ya tsaya ya yi shawara a kowane taku, kuma babu tagar da ba a ɗaga labulenta ba.

Mun sami Sarkin Fawa a zaurensa shi kaɗai, yana barbaɗa gishiri a fatun layya. Ya ɗago ya gan mu. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da igiya.

"Alhaji, lafiya?"

"Rago na kawo."

"Mahauta sun ƙare a Kaduna ne?"

"Ni ɗaya na sani."

"Wanda ake tofar da yankansa a kwata?" in ji Sarkin Fawa. "Shekara nawa muna cin kwano ɗaya? In ka ga wani abu a addinina, ai sai ka kira ni ka gaya mini. Ba ka bari in ji a bakin yara ba."

Baba ya ƙarasa ciki. Ya zauna a kan benci, ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya sa babban yatsa ya danna ƙaurinsa, ya ɗauke. Ramin da yatsan ya yi ya zauna, bai ciko ba. Mu uku muka tsaya muna kallonsa.

"Ƙoda ce," in ji Baba. "Tun bayan azumi. Likita ya hana ni nama, cikina ma ya hana. Ko na wa na sa a baki sai ya dawo."

Sarkin Fawa ya ajiye kwanon gishirin a hankali. Na ga fuskarsa ta sauya, na ga bakinsa ya fara haɗa kalmar da kowane Bahaushe zai faɗa a wannan wuri. Baba ma ya gani. Ya ɗaga yatsa.

"In ka ce mini sannu, na ɗauki ragona na tafi. Kuma in ka gaya wa wani, ban yafe ba."

Dattijon nan ya haɗiye abin da ke bakinsa kamar mai haɗiyar ƙashi. Ya juya mana baya, ya ɗauki wuƙa ya yi ta wasa ta a dutse, ya daɗe yana wasawa, wuƙar da ta wuni biyu tana aiki ba ta buƙatar komai. Da ya juyo idanunsa sun yi ja.

"Dama na faɗa," in ji shi. "Kayan Zariya ba ya ƙarko. Ƙoda guda biyu aka ba ka, Akawu, ka kasa riƙe amana. Irin taka ko kyauta aka kawo teburina ba zan karɓa ba."

Baba ya yi irin dariyar da rabona da jin ta tun kafin in tafi makaranta. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara igiyar rago, don hawaye ya zo mini ba shiri.

Sarkin Fawa ya jawo ragon ya yanka a ƙofar gidanmu, a fili, da bisimilla mai ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Ya gasa hantar, ya tsaya nesa da hancin Baba ya cinye rabonsa da na Baba, yana ba shi labarin daɗinta dalla-dalla.

Bayan Sallah ya koma wurinsa a tabarma. Kwanon nama ya ci gaba da fitowa don sauran jama'a, amma shi ya daina sa hannu a ciki. Ya riƙa biyawa bakin kogi ya sayo ɗanyen kifi, Umma ta dafa ba gishiri, su biyu su ci a kwano ɗaya yana tsine wa miyar. Aka tambaye shi dalili, ya ce ya gano cewa nama ba abincin talaka ba ne, yana taya Akawu zaman fansho. Bai ƙara ko kalma a kai ba, har ga matarsa. Zancen yanka ya mutu da kansa, don ba a cewa mutum ya kafirta wanda suke tsoma hannu a miya ɗaya. Wasu dai sun ce abin ya kama mahaucin ma. Da na kai wa Baba wannan, ya ce, "Ba ke kika ce biyu-biyu suke yawo ba?"

Aka janye yajin aiki, na koma makaranta. Mutanen nawa ko fitowa ba su yi a jarrabawar ba. Amma na ci gaba da bibiyarsu har yau, kuma duk littafin da na samu sai na duba ko wani ya rubuta wani abu game da mai miƙa kazar. Ban samu ba tukuna.

Ciwon Baba ya ci gaba da abin da ya zo yi. Kafin wata Sallar ya kai inda ba ya ɓoyuwa, aka fara kai shi wankin ƙoda, unguwa ta sani, masu lemo da ayaba suka yi ta zuwa suna rage murya. Sarkin Fawa ke rufe teburinsa ya raka shi asibiti. A can ma bai fasa ba. Ya ce wa ma'aikatan jinya su ƙirga kayan aikinsu kafin su sallami Bazazzagi. Ya ce injin da ke wanke jinin Akawu ya cancanci ƙarin albashi. Ƙanena ya ce mini wani lokaci yana fita daga ɗakin sai ya tsaya a baranda ya jingina goshinsa da bango, ya daɗe, sannan ya share fuska ya koma da sabon zagi.

Baba ya rasu da safe, a gida. Sarkin Fawa na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da aka gama suturta shi, aka ce iyali su shigo su yi masa addu'a kafin a fita da shi. Ni na fara isa ƙofar ɗakin. Sauran mazan sun fito, shi kaɗai ya rage, durƙushe a wajen kan, bai ji zuwana ba. Ya ɗora hannu a kan likkafanin, ya rage murya.

"Sannu, Akawu," in ji shi. "Sannu. Ka sha jiki."

Na koma da baya na tsaya a tsakar gida, na ce wa Umma ta ɗan dakata, ba a gama ba.